A Ba Mu Rasit, A Nuna Mana Aiki!

'Yan'uwa maza da mata, 'yan kasuwa da masu sana'a, ku ba ni aron kunnuwanku. Kuɗin rumfa ya ƙaru. Kuɗin shara ya ƙaru. Tikitin tasha ya ƙaru. Mai a-daidaita-sahu bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba, an riga an yanka masa tikiti. Mai ƙosai ba ta gama hura wuta ba, an tsaya a kanta. Motar hatsi ta taso daga Dawanau, shinge ya tare ta, gaba kaɗan wani shingen. Duk abin da direba ya miƙa, a kan mudu zai sauka, mu ne za mu biya shi wajen cefane. Kuma duk wannan ya zo ne a kan tsadar da muke ciki tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Ba mu ƙi haraji ba. Da shi ake gina aji, da shi ake sayen magani, da shi ake yashe kwata kafin damina. Abin da muka ƙi shi ne a tatsi saniya safe da yamma, a hana ta dusa.

Ku tuna iyayenmu. Shekara da shekaru Malam Aminu Kano da 'yan jam'iyyar NEPU suna shan duka da ɗauri a kan zaluncin da ake yi wa talaka, ciki har da na haraji. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Me ya sa? Saboda kuɗi ne da ake ɗora wa mutum ba tare da an duba ƙarfinsa ba. Yau ga shi ya dawo ta bayan fage, da sunan tikitin kullum. Naira ɗari biyu a wurin mai tallan ruwa abincin rana ne. A wurin mai manyan shaguna ba komai ba ce. Wannan ba adalci ba ne, kuma kowa ya sani.

Doka tana tare da mu, 'yan'uwa. Tun 1998 aka yi dokar da ta jera abin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Tsarin mulkin da ya ba ƙaramar hukuma damar karɓar kuɗi, shi ne ya ɗora mata kula da kasuwa, tasha, mayanka, banɗakin jama'a da kwashe shara. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye. A watan Yunin 2025 aka sa hannu a sababbin dokokin haraji, waɗanda suka ɗauke harajin samu daga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba. To, in Abuja ta yafe wa ƙaramin ma'aikaci, don me za a tare ɗan dako a ƙofar kasuwa?

Saboda haka mu tashi. Daga yau, kada ka miƙa ko sisi sai an ba ka rasit. Duba tambarin hukuma. Duba lamba. Duba kwanan wata. Tambayi mai karɓa katin aikinsa, cikin ladabi, ba da faɗa ba, domin shi ma ɗan wani ne da aka aiko. Ajiye rasit ɗinki, Hajiya. Ɗauki hotonsa a waya, Malam. Ku tara na wata guda, ku kai wa shugabannin ƙungiya, a haɗa lissafin layi guda a ga nawa ne ke fita.

Shugabannin kasuwa, ku ma nauyi na kanku. Ku nemi a kafe jerin kuɗaɗen da aka amince da su a ƙofar kasuwa, da Hausa, da manyan baƙaƙe. Ku nemi biya ɗaya, a asusun gwamnati ɗaya, ba hannu goma ba. Ku je wurin kansila. Ku je wurin ciyaman. Ku je da takarda, ku karɓo shaidar an karɓa. Ku ce: nawa aka tara a kasuwarmu bara? Me aka yi da shi?

Ku kuma masu mulki, ku fara da masu hali. Manyan gidaje da filayen da aka killace shekaru ba a biya musu kuɗin ƙasa ba, ku bi su. Ku toshe ɓarakar da ke tsakanin hannun mai karɓa da baitulmali. Ku rage ayarin motoci. Kada ku ƙara ko kwabo sai kun zauna da waɗanda za su biya.

Liman, ka faɗa a huɗuba. Malamar Islamiyya, ki gaya wa iyaye mata. Matasa, ku kira gidan rediyo ku ambaci sunan shingen da wurin da yake. Gobe da safe, kafin ka buɗe shago, ka yi wa maƙwabcinka na dama da na hagu magana, ku sa ranar taron layinku a cikin makon nan.