CCNA: Kafin a sayar da buhun masara, a tambaya wace takarda za a karɓo

Duk matashin da ke cikin guruf-guruf na WhatsApp a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san irin tallan nan: a zo a koyi CCNA cikin 'yan makonni, a karɓi satifiket, aiki na jira a banki ko kamfanin waya. Wani abokinka ya ɗora hoton takardarsa a Facebook, ana ta zuba masa "Allah ya sanya albarka". Kai kuma da ke zaune a Dabawa kana jiran sakamakon JAMB, ko kana aji biyu a FUDMA, sai ka fara lissafin yadda za ka tunkari Baba da maganar kuɗi.

Ni dai aikin jarida nake karanta, ba kimiyyar kwamfuta ba, kuma abin da aka fara koya mana shi ne tambayar "wa ya faɗa?" To ita ma takarda haka take. Wa ya ba da ita?

A nan ne ake yi wa da yawa daga cikinmu rufa-rufa. Takardu biyu ne ke yawo da sunan CCNA. Akwai ta halartar kwas, wadda cibiyar da ka yi karatu za ta buga maka bayan ka gama darasi. Akwai kuma ta kamfanin Cisco kansa, wadda ba a samu sai ka zauna jarabawa mai lamba 200-301, ta awa biyu, a ƙarƙashin kamfanin Pearson VUE mai kula da jarabawar. Ta farko tana nuna ka zauna a aji. Ta biyu ita ce wadda mai ɗaukar aiki a Abuja ko Dubai zai iya tantancewa ta intanet cikin minti biyu, domin Cisco na ba duk wanda ya ci bajo na dijital a shafin Credly. Ko takardar kammala kwas ta Cisco Networking Academy, shirin da kamfanin ya kafa tun 1997, ba ita ce CCNA ba, duk da cewa karatunta nagari ne. Don haka idan aka ce maka kuɗin kwas da satifiket gaba ɗaya naira dubu arba'in ne, ka san ta farko ake nufi. Ba laifi ba ne a sayar da ita, laifin shi ne a bar yaro ya tafi yana zaton ta biyu ce a hannunsa.

Dalili kuwa a fili yake. Kuɗin jarabawar CCNA dala 300 ne. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato kusan naira 450,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ka ga albashin wata shida bai biya ba. A gida irin namu wannan ba kuɗin aljihu ba ne, hatsi ne ko rago ko adashin Mama. Kuma idan ka faɗi, ba a mayar maka da ko kwabo, sai ka sake biya.

Wannan tsoron faɗuwa shi ya haifi kasuwar abin da ake kira "damps". Tambayoyin jarabawar ne da wasu suka sato, aka tara su da amsoshi, ana sayarwa ko rabawa a Telegram. Yaro zai haddace su kamar karatun dare kafin jarabawar GST, ya shiga, wataƙila ma ya ci. Akwai masu wuce nan, su biya wani ya zauna musu. Ka'idar Cisco a kan wannan ba ta da kwana-kwana: wanda aka kama ana iya soke sakamakonsa, a ƙwace takardarsa, a hana shi sake zama jarabawarsu. Amma gaskiya ba kamun Cisco ne ya fi damuna ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar ganawar ɗaukar aiki. Aikin netwok ba ya ɓoye jahilci. Za a ajiye maka na'ura da kebul, a ce ga ofis mai sassa uku, raba musu adireshin IP, ka hana kwamfutocin sashen kuɗi ganin na sauran. Ko a ce wannan kwamfutar ba ta ganin waccan, nemo dalili. Wanda ya haddace damps zai tsaya yana kallon baƙin allo yana gumi. Mai ɗaukar aikin da ya ga irin wannan sau uku, na huɗu ko da shi ya yi karatun tsakani da Allah, da zargi za a tarbe shi. Ka ga mai damps bai cuci kansa kaɗai ba, ya rage wa takardar ɗan'uwansa daraja.

Duk da haka ban yarda da masu cewa satifiket ɗin banza ne ba. Mu nan mun fi kowa sanin abin da netwok yake nufi. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Masu POS suka tsaya cak, tura kuɗi ya gagara, ɗalibi sai ya yi tafiya kafin ya duba shafin makaranta. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma kowace cibiyar jarabawa ɗaruruwan kwamfutoci ne a haɗe da juna, wani ne ya ja kebul ɗin, wani ne ake kira idan sun ɗauke ana tsaka da jarabawa. Gwamnatin tarayya na maganar shimfiɗa kilomita 90,000 na kebul ɗin faiba a faɗin ƙasa. Idan ya tabbata, hannaye za a nema. Ga ɗan ƙauyen da ba shi da kawu a ma'aikata, takardar da ba a samu ta hanyar "wa ka sani" abu ce mai amfani ƙwarai. Jarabawar da ɗan Indiya ya zauna ita ɗan Dabawa zai zauna. Ɗaliban ABU Zariya sun sha zuwa matakin ƙarshe na gasar fasahar sadarwa ta duniya da Huawei ke shiryawa, suka dawo da kyaututtuka, kuma ba daga wata duniya suka fito ba.

Shawarata ita ce a juya tsarin: ilimi tukuna, takarda daga baya. Manhajar Packet Tracer kyauta Cisco ke ba da ita, kana iya gina netwok na ofis guda a kan tsohuwar laftof ba tare da ka sayi na'ura ko ɗaya ba. Akwai darussan farko na kyauta a Networking Academy, akwai shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023. Lokacin SIWES, maimakon neman ofishin da za a sa maka hannu kana gida, nemi wurin da za ka riƙe kebul ka matse kansa da hannunka. Kuma ka duba abin da ake amfani da shi a kusa da kai. Ƙananan ofisoshi da masu sayar da Wi-Fi da yawa na'urorin MikroTik ko TP-Link ko Huawei suke saye domin sun fi araha. MikroTik na da MTCNA, Huawei na da HCIA, CompTIA na da Network+ wadda ba ta jingina da kayan kamfani ɗaya ba. Tushen ilimin ɗaya ne.

Ga masu cibiyoyin koyarwa kuma, roƙo ɗaya: ku rubuta a kan tallanku ko kuɗin ya haɗa da jarabawar Pearson VUE ko bai haɗa ba. Layi ɗaya ne. Cibiyar da ta ƙi amsa wannan tambayar kai tsaye, ɗalibi ya riƙe kuɗinsa.

Sai maganar yadda za a zauna ta. Ana iya yin jarabawar daga gida, wani na kallonka ta kyamara, amma sai da intanet mai ƙarfi da ɗaki shiru har awa biyu. Wanda ya san halin wuta da netwok a garuruwanmu zai gwammace ya biya kuɗin mota zuwa cibiyar da aka amince da ita, ya duba sunanta a shafin Pearson VUE kafin ya tashi.

Kuma a lura, CCNA shekara uku take yi ta mutu, sai an sabunta. Wanda ya ci ta yana aji ɗaya ko biyu, idan aka haɗa da yajin aikin ASUU da jiran bautar ƙasa, tana iya ƙarewa kafin ya rubuta takardar neman aikinsa ta farko. Aji huɗu ko lokacin bautar ƙasa ya fi dacewa, lokacin da alawus na naira 77,000 zai iya ɗaukar wani ɓangare na kuɗin, a rage wa rumbun Baba nauyi.