Tsohon mazaunin Jami'ar Ɗanfodiyo: Ina za a kai ɗalibai idan an tashi gyara?

Wanda ya tsaya a Ƙofar Kware a yau ba zai ga ganuwar da ta taɓa kewaye birnin Sakkwato ba. Sunayen ƙofofin ne suka rage a bakin 'yan kasuwa da masu Keke Napep: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Dundaye da sauransu. Ba rana ɗaya ganuwar ta tafi ba. Damina bayan damina ta riƙa cin ta, babu mai yaɓe, har gidaje suka hau gurbinta.

Irin wannan ƙarshen ne ake jiye wa tsohon mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kan titin Sultan Abubakar. An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, kuma a wannan harabar aka fara karatu a 1977 da ɗalibai 93. Daga baya aka koma mazaunin dindindin a Dundaye, aka sauya mata suna a 1988. Amma ba a rufe tsohuwar harabar ba, asibitin koyarwa na dabbobi ma ya daɗe yana hidima a cikinta. Ginin da ya doshi shekara 50 yana aiki kuwa, dole wayoyin wutarsa da rufinsa da bututun ruwansa su nemi sabuntawa, ba fenti kaɗai ba.

Abin da ya faru a Jami'ar Makerere ta Uganda ya isa jan kunne. A Satumbar 2020 gobara ta cinye babban gininta na tarihi da aka kammala a 1941, bincike kuma ya ɗora laifin kan matsalar wutar lantarki. Sai a Oktobar 2024 aka sake buɗe shi, bayan an gina shi kusan daga tushe.

Hanyar samun kuɗi tana nan. Dokar 2011 da ta kafa asusun TETFund ta ambaci gyara da farfaɗo da manyan makarantu cikin ayyukansa. Sai dai a jami'o'in ƙasar nan sabon gini ya fi tsoho farin jini, domin shi ake yanke wa kyalle, a manna masa allon suna. Mai sauya tsofaffin wayoyi babu wanda ke ɗaukarsa hoto.

Babban ƙalubalen shi ne inda karatu zai koma yayin aikin. Ɗakin lacca ana iya aronsa a Dundaye, ko a daidaita jadawali tsakanin safe da yamma. Asibitin dabbobi da ɗakunan gwaji ba haka suke ba: akwai na'urori, akwai firji mai bukatar wuta dare da rana, akwai makiyayi da ke kawo saniyarsa saboda wurin yana cikin gari. Idan aka kwashe komai lokaci guda, ɗalibi zai biya ƙarin kuɗin mota kullum, masu abinci da masu buga takardu na kewaye su rasa ciniki. Ga shi kuma yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya riga ya hargitsa kalandar karatu, babu sarari a ƙara ɓata zango.

Akwai wani dalilin da Sakkwatawa ba su manta ba. A Satumbar 2010 ambaliya ta ci gadar Kwalkwalawa, ta raba mazaunin dindindin da gari, karatu ya tsaya, mutane suka koma ƙetarawa da kwale-kwale. Jami'ar da hanyarta ke ratsa fadama tana bukatar lafiyayyar haraba a wannan ɓangare na kogi, wadda za ta ɗauki wani kaso na karatu ranar da ruwa ya sake tasowa.

Saboda haka gyaran sai ya zama gini bayan gini, a fara da wuta da rufi, a ajiye aikin fasa bango har lokacin hutu. Kafin ɗan kwangila ya sauke bulo ko ɗaya, ya kamata hukumar jami'a ta bayyana ɗakin da kowane sashe zai koma, da ranar dawowarsa, a kuma rubuta tarar jinkiri cikin yarjejeniyar kwangilar.