Fatar ido ba wajen wasa ba ce

Jama'a, tallar asibitocin Tunisiya da Turkiyya ta cika Facebook da TikTok: a yanke miki fatar ido, ki dawo yarinya. Idan aka haɗa da kuɗin jirgi da masauki, maganar miliyan ɗaya na sefa ake yi, ko fiye.

Abin da tallar ba ta faɗa ba: idan likita ya zarce wajen yanka, ido ba ya rufuwa sosai, ko a barci. Sai bushewa, sai raɗaɗi, wani lokaci har gyambo a ƙwayar ido. To a Agadez, da hunturu da ƙurar Tenere, wa zai iya zama da idon da ba ya rufuwa? In matsala ta taso, likitan yana can ƙetare.

Alhali akwai aikin fatar ido da ƙasar nan ke buƙata da gaske. Amodari yakan juya gashin ido ciki, ya yi ta gogar ƙwayar har mutum ya makance, kuma mata ya fi kamawa. Iyayenmu na tsige gashin da matsefata, ya sake tsirowa. Aikin gyaransa kamar minti 20 ne, ma'aikacin lafiya da aka horar ke yin shi, kuma Cibiyar Carter da Helen Keller sun daɗe suna tallafa wa Nijar a kai.

Kowa da kuɗinsa, ba mu hana ba. Amma ki fara ganin likitan ido a gida. In kuma akwai tsohuwa mai tsige gashin ido a gidanku, don Allah a kai ta asibiti makon nan.