Jinin dasashi ba laifin buroshi ba ne

Jama'ar Zango da na Zogbo, wannan makon maganarmu a kan baki take. Da yawa daga cikinmu idan suka tofar da ruwa lokacin alwala suka ga ja-ja, sai su ce asuwaki ne ya yi tauri, ko buroshin ne sabo. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Idan yana yi kullum, kumburi ne ya kama shi.

Ga yadda abin yake farawa. Bayan cin abinci, wata dauɗa mai yauƙi cike da ƙwayoyin cuta tana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Idan aka goge ta a ranar, shi ke nan. Idan ta kwana biyu ko uku, sai ta fara daskarewa ta zama kamar siminti. Daga nan ba asuwaki, ba gawayi, ba gishiri da zai cire ta. Tana nan tana cin dasashi, har ya fara sakin haƙori, ya bar wani ɗan aljihu a tsakani. A lafiyayyen baki zurfin wurin bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Da ya kai 4 ko 5, dauɗar ta shige inda buroshi ba ya isa, kuma ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya fara zaizayewa. Abin takaicin shi ne ba ya ciwo sai ya yi nisa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutane fiye da biliyan ɗaya ne ke fama da wannan ciwo a matakinsa mai tsanani.

Maganinsa wankin haƙori ne a wurin likita, wanda a nan Kwatano za ku ji ana ce masa detartiraj. Akwai na sama-sama, akwai kuma mai zurfi, inda likita zai bi ƙarƙashin dasashi ya kankare abin da ya daskare a jikin saiwa, ya sulɓe ta don dasashi ya sake mannewa. Yawanci akan yi allurar kashe zafi, kuma akan raba aikin zama biyu ko fiye. Ana samun wannan a babban asibitin koyarwa na CNHU da kuma asibitocin haƙori masu zaman kansu. Ka tambayi kuɗin kafin a fara, ka kuma tambaya ko an auna zurfin dasashin, don ba kowane baki ne ke bukatar mai zurfin ba.

Yanzu ga maganar da ta fi hana mutanenmu zuwa. Wai wankin asibiti yana buɗe giɓi, yana sa haƙori girgiɗi. Gaskiya ne bayan wankin mutum kan ji iska tana ratsa haƙoransa, ruwan sanyi kuma yana tsira masa na ɗan lokaci. Amma giɓin nan ciwon ne ya riga ya yi shi, dauɗa ce kawai ta toshe shi, kamar laka a tsagar bango. Ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo, wankin yana tsayar da ɓarnar ne a inda ta kai. Alhaji, ko haƙorin Makka ka sa, a kan wannan ƙashin yake zaune.

Masu ciwon suga su fi kowa kula, domin suga yana ƙara ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar suga. Mai shan taba shi kuma jinin ma kan ɓuya, sai ya ɗauka lafiya lau yake. Hajiya mai juna biyu da ta ga dasashinta ya kumbura kada ta jira haihuwa, ta dai gaya wa likita tana da ciki. Goro kuwa rina haƙori yake yi, ya sa mutum ya kasa bambanta jan goro da dauɗar da ta daskare.

Ga masu hanyar Malanbil ko Legas: kada a yi zama na farko a tafi a bar rabin baki. A tsara ranakun da likita kafin a ɗaure kaya, a koma duba bayan makonnin da ya yanka.