Sumunti Kaɗai Ba Ya Hana Ambaliya

Jama'a, ina roƙon fili in faɗi abin da ke damuna. Duk sa'ad da ruwa ya yi ɓarna, kukan mutane ɗaya ne, wai Gwamnati ta zo ta gina lambatu, ta ɗaure kogi da sumunti. In ka ce a dasa itatuwa, ko a bar fadama yadda Allah ya yi ta, sai a ɗauke ka mai wasa.

Mu duba Ibadan. A 1980 kogin Ogunpa ya cika ya batse, mutane da yawa suka halaka. Daga baya aka faɗaɗa hanyarsa, aka ɗaure ta da sumunti. Aikin ya yi amfani, ba na musu. Amma a watan Agusta na 2011 ruwa ya sake cin garin, har ya tsallake madatsar Eleyele. Lalle an yi ruwa mai yawa ran nan, amma da hannunmu a ciki. An sare itatuwan kan tuddai, an yi gidaje a bakin rafi, an toshe magudanai da shara.

Saiwar itace takan riƙe ƙasa, ruwa ya nutse sannu a hankali. Fadama kuwa randa ce, takan ajiye ruwa har ƙarfinsa ya ragu. Ido ba ya ganin aikinsu, shi ya sa aka raina su. Lambatu kuwa tura ruwan yake yi wajen na gangare.

To, 'yan'uwana malaman gobe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Injiniya ya yi nasa, mu kuma mu yi namu. Duk makarantar da aka tura mu, mu dasa itatuwa tare da yara, mu gaya musu dalili. Yaron da ya yi wa itace ban ruwa ba zai yi saurin sare shi ba.