Ba kowace saifa ce ta zazzaɓi ba



A unguwanninmu, daga Sabo ta Ibadan har Agege, da zarar cikin yaro ya kumbura ta gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, sai a ce saifa ce, a kira wanzami ya yi masa tsaga, a bi shi da jiƙe-jiƙe. Gaskiya ne yawan zazzaɓin cizon sauro yana kumbura saifa, haka ma sikila. Amma akwai wani ciwon da ba mu cika sani ba: wani yaron ana haihuwarsa da 'yar jakar ruwa a cikin saifarsa, tana girma sannu a hankali. Wani ba ya jin komai sai ya tasa. Wani kuma yakan yi kukan ciwo a gefen hagu, ko ya ƙoshi da loma kaɗan saboda jakar ta danne masa tumbi.

Askar wanzami fata kawai take yanka, ba ta kai wa ga jakar. Abin da ke nuna ta shi ne hoton ciki a asibiti. Idan ƙarama ce kuma ba ta damun yaron, likita kan ce a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Idan ta wuce santimita 5, ko tana ciwo, galibi tiyata ake ba da shawara, domin tana iya fashewa idan yaro ya faɗi wajen ƙwallo, jini ya zuba a ciki, ko ta kama ruɓa. Zuƙe ruwan da allura kuwa sau da yawa sake cika take yi.

Shawarata ga iyaye: kada kalmar tiyata ta sa mu gudu da yaro gida. A tsaya a tambayi likita ko zai yiwu a cire jakar a bar wani sashe na saifar. Likitocin yara sun fi son haka idan da hali, domin saifa ce ke tace jini tana yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan dole sai an cire ta duka, a yi wa yaron rigakafin da likita ya rubuta tun mako 2 kafin aikin, a kula da shan maganinsa, ya riƙa kwana cikin gidan sauro. Bayan haka duk zazzaɓin da ya taso, asibiti za a nufa nan take.

Na san babbar matsalar kuɗi ce. A nan ne ƙungiyarmu ya kamata ta shigo. Yadda muke haɗa gudummawar biki da suna, mu ware wani abu don hoton cikin yaran marasa ƙarfi, mu kuma samu masu raka iyaye UCH ko LUTH su yi musu tafinta. Uwar da ba ta jin Turanci ko Yarbanci ba za ta iya yin waɗannan tambayoyi ita kaɗai ba.

Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin.