Ƙorafi Kan Na'urar Ji da Aka Ba 'Yata Ba Tare da Awo Ba

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jiha,
Ta hannun Babban Sakataren Ma'aikata.



Ranka ya daɗe, ni tela ne, mahaifin yarinya 'yar shekara tara. Na rubuto ne game da na'urorin ƙara ji da ma'aikatarka ta raba wa yara kurame bara, a bikin Ranar Ji ta Duniya da ake yi duk 3 ga Maris. 'Yata tana cikin waɗanda aka kira gaban jama'a, aka maƙala mata, aka ɗauki hoto, muka yi godiya. Yau na'urar tana cikin kwanon samira a kan durowar mahaifiyarta, kuma ko sati uku ba ta yi a kunnen yarinyar ba.

Ba da kurumta aka haife ta ba. Sanƙarau ne ya kama ta a wata bazara tana da shekara biyar, Allah ya tashi kafaɗunta, amma ji ya tafi. Takardar awon da aka yi mata a asibiti ta nuna ba ta jin sauti sai ya kai desibel 75 a kunnen dama, 78 a na hagu. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, daga 65 zuwa ƙasa da 80 shi ne rashin ji mai tsanani. Hirar mutane ta yau da kullum kuwa ba ta cika wuce 60 ba. Ma'ana, kana iya zama kusa da ita ka yi ta magana, leɓenka kawai take kallo. Na riƙe takardar awon a hannuna ranar rabo, na miƙa wa mai rabon, ya ce in ajiye, layi yana da tsawo.

Abin da aka ba mu na'ura ɗaya ce, alhali kunnuwa biyu ne suka lalace. 'Yar ƙarama ce mai cin batir mai lamba 312, a bakinta da ɗan robar nan mai kama da hular lema, irin wanda ake zubowa ƙanana da matsakaita da manya a leda ɗaya. Daga baya wani ma'aikacin sashen kunne, hanci da maƙogwaro ya duba ta, ya ce min ta dattijon da jinsa ya ɗan yi rauni ce. Mai irin lalurar 'yata na'ura mai ƙarfi yake bukata, wadda ake ratayawa a bayan kunne, mai cin babban batir lamba 675 ko aƙalla 13, kuma sai an saita ta da kwamfuta bisa takardar awon mai ita, sauti bayan sauti, domin kunne ba ya rasa siririyar murya da kakkaura daidai wa daida.

Babban kukana shi ne matoshin kunne, wanda ma'aikatan asibiti ke kira mol. Ranka ya daɗe, ka yi min haƙuri in yi bayaninsa, domin na lura ko cikin katin da aka ba mu ranar rabo ba a ambace shi ba. Na'ura tana ɗaukar sauti, ta ƙara masa ƙarfi, ta tura cikin kunne. In akwai 'yar kafa tsakanin roba da fatar kunne, sautin sai ya yoyo waje, ya sake shiga na'urar, ta sake ƙara masa ƙarfi, sai ka ji fito mai tsinin gaske. Ita yarinyar ba ta jin fiton sosai, mu ne muke sha. Kakarta har cewa ta yi a cire abin da magariba, kada ya tara mana aljanu a gida. A makaranta yara suka sa mata suna mai usur. In ka rage ƙarar fito ya tsaya, ita kuma ba ta jin komai. In ka ƙara, fito ya dawo. An yi, ba a yi ba.

Maganin wannan sananne ne. Ana sa ɗan soso mai zare a ramin kunne don kare dodon kunne, a ɗura wani ƙulli mai laushi, a jira 'yan mintoci ya daskare, a zaro shi da siffar kunnen mutum. Da wannan siffa ake zuba matoshi na silikon mai taushi wanda zai cike kwarmin kunne duka, ya toshe kafa ruf. Mai rashin ji kaɗan ana bar masa ƙofar iska a jikin matoshin, mai tsanani kuwa ana rufe ta ko a bar ta kamar bakin allura. Kuma kunnen yaro girma yake yi, saboda haka matoshin bara ba lalle ya zauna bana ba. Shi ma siririn tiyon da ke haɗa matoshi da na'ura yana bushewa ya tsage cikin 'yan watanni, balle a garin da ake gumin bazara da ƙurar hunturu. Ni da nake ɗinki shekara ashirin, ko wandon makaranta ba na yankawa sai na sa tef a jikin yaro. Hula ma sai an san lambar kai.

Sau huɗu ina zuwa ofishin da aka ce mu koma in an samu matsala. Na farko aka ce mai kula da shirin ya yi tafiya. Na biyu aka ce kwangilar ta na'ura ce kawai, babu matoshi a ciki. Na uku aka ba ni shawarar in naɗa auduga a jikin robar. Na huɗu wani ya ce min kyauta ba a raina ta. Ban raina ba. Amma kuɗin jama'a aka kashe, kuma na tabbata a rahoton da ya zo teburinka an lissafa 'yata cikin yaran da suka samu ji.

Masu son mu da alheri sun ce in kai ta Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ina da niyya. Sai dai kowane matoshi zuwa biyu ne, na ɗaukar siffa da na karɓa, kuma abin maimaitawa ne har ta girma. Na'urar kasuwa kuwa, irin wadda ake sayarwa kusa da cajar waya, an gargaɗe ni cewa tana ƙara kowane sauti ba iyaka, tana iya cinye ɗan jin da ya rage mata. A halin yanzu maganarta ta fara lalacewa. Kalmomin da take furtawa tsaf tana shekara biyar yanzu ƙarshensu yana zubewa, sunan ƙanenta ma rabinsa take kira.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba irin 'yata haƙƙin kula da lafiya da na ilimi. Da wannan nake roƙon ka ba da umarni a kira duk yaran da aka ba na'ura a wancan rabo, a sake auna su, a musanya wa masu rashin ji mai tsanani da na'urori masu ƙarfi na kunne biyu, a zuba wa kowa matoshinsa. Ina roƙon a horar da ko da ma'aikata biyu ne a babban asibitin jiha kan ɗaukar siffa da zuba matoshi, a kuma ajiye batir 675 da tiyo a kantin maganin asibitin. Game da 'yata, ina neman a tura ta wurin ƙwararre ya duba ko dashen na'ura cikin kunne zai yi mata amfani, domin an shaida min bayan sanƙarau can cikin kunne yakan ƙandare ya zama ƙashi, kuma jinkiri yana wahalar da aikin.

Na haɗo kwafin takardar awonta da katin da aka ba mu ranar rabo. Na'urar ma tana nan da kwalinta, duk ranar da aka neme ni zan kawo ta tare da yarinyar.



Naka mai biyayya,
Mahaifin ɗaya daga cikin yaran da aka raba wa na'ura.